Kalangu Ma Yana Da Nahawunsa

A bukukuwan aure da suna na ƙasar Damargu a yau, daga Tanut zuwa Gangara, daga Bakin Birji zuwa Belbeji, akwatin sauti da katin waƙoƙi sun kama gurbin da a da sai mai kalangu ko mai goge. Yaron da kiɗa ya shiga ransa yana tasowa da tambayoyi irin na zamaninsa: ina ake koyon fiyano, mece ce do-re-mi, kuma shin mutum zai amsa sunan makaɗi in bai iya karanta ɗige-ɗigen nan da ake jerawa a kan layuka biyar ba? Tambayoyin ba su da laifi. Laifin yana cikin zaton da ke kwance a ƙarƙashinsu, wato ilimin kiɗa kayan Turai ne, abin da tsohon makaɗin unguwa ke yi kuwa baiwa ce kawai ko gado. Wannan zato kuskure ne, kuma shi ke cinye kayan kiɗanmu fiye da talauci. Kalangu da goge da tende suna da ƙa'idoji tsararru da ake iya bayyanawa a koyar, kuma daga gare su ya kamata ɗan Damargu ya fara kafin ya ɗora yatsa a kan fiyano.

A fara da kalangu, tunda shi ne ya fi kusa da bakin Bahaushe. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓa takan hau ko ta sauka ko ta faɗo, kuma ma'ana na rataye da wannan hawa da sauka. Kukan jariri da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, karin ne ya raba su. Haka wuyan raƙumi da wuyar noma. Mai kalangu yana rungume kangon a hammata, in ya matse tsarkiyoyin fata ta ɗaure murya ta hau, in ya saki ta sauka, sannan gula ta raba doguwar gaɓa da gajera. Da wannan dabara yake kiran sunan mahauci daga bakin kasuwa, mahaucin kuma ya waiwayo ba tare da wani ya buɗe baki ba. Wanda ya iya haka ya san tsarin sautin Hausa sanin da ɗaliban harshe ke kwashe shekaru suna nema a jami'a. Take ma ba bugu ba ne na ganin dama. Na manoma a gayya dabam, na 'yan kokowa dabam, na sarauta dabam, kuma kowane yana da inda ake shiga da inda 'yan amshi ke karɓa. Yaron makaɗi da ya kauce ko da bugu ɗaya, ubangidansa zai harare shi nan take. Inda duk ake iya cewa an yi kuskure, to akwai doka, don ba a karya dokar da babu.

Damargu ta fi wurare da yawa dacewa da wannan darasi, domin tun zamanin ayarin raƙuma da ke bi tsakanin Kano da Damagaram da Agadas, ƙasar mahaɗa ce ta Hausawa da Dagira da Abzinawa da Fulani, kuma rumbun geronta ne ke ciyar da Abzin. Kowace al'umma ta zo da kayan kiɗanta, amma in an duba, doka ɗaya suke bi. Matan Abzinawa kan rufe bakin turmi da fatar akuya su yi tende, su ɗaura taɓare biyu a gefe a zauna a kansu don fatar ta ɗaure, a riƙa yayyafa mata ruwa ana gyara murya. Abin da hammatar mai kalangu ke yi ke nan. Goge da imzad na Abzinawa 'yan uwan juna ne: ƙwarya da fata da izgar doki. Duk inda mai goge ya taɓa tsarkiya da yatsa, tsawonta ya rage, murya ta hau. In ya taɓa daidai rabi, murya ɗaya ce za ta fito amma a sama, kamar yadda yaro da babansa kan rera waƙa ɗaya kowa da kaurin muryarsa. In ya bar kashi biyu cikin uku na tsawon, sai wata murya ta fito wadda ta fi kowace daɗin haɗuwa da ta farko. Wannan lissafi na 1 da 2, da 2 da 3, shi ne harsashin ilimin kiɗa a duk duniya, kuma yana nan a yatsun tsohon da bai taɓa shiga aji ba.

Abin da ya rage mana shi ne rubutu, kuma rubutu kullum a baya yake zuwa. Larabawa sun daɗe suna waƙa kafin Halilu ɗan Ahmad ya zauna a Basra a ƙarni na 8 ya fitar da ma'aunan aruli, waɗanda malaman Hausa suka ɗauka suka gina waƙoƙin wa'azi a kansu. Alfarabi, wanda ya rasu wajajen shekarar 950, ya rubuta babban littafinsa na kiɗa ne ta hanyar auna tsarkiyoyin molon Larabawa da ake kira udu. Su kansu sunayen da suka zama do-re-mi, wani malamin coci ne a Italiya mai suna Gido ya tsara su a ƙarni na 11 don yara su yi saurin hardace waƙa. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ƙirƙiro kiɗa, tarar da shi suka yi a hannun masu yi suka ba shi suna. Mu ma muna da sunayen. A 1971 wasu manazarta biyu, David Ames da Anthony King, sun cika littafi guda da kalmomin kiɗan Hausa zalla, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa da fasalin waƙoƙinsu. Sai dai waɗannan littattafai suna ɗakunan karatu na jami'o'i, yaron da ke Tarka ko Olelewa bai taɓa jin labarinsu ba.

Wani zai ce, to in doka ɗaya ce, me ya hana a fara da fiyano a huta? Dalilin shi ne fiyano ya yanka tazarar da ke tsakanin murya da ninkinta gida 12 daidai wa daida, kuma ba ya iya fita daga waɗannan gidaje. Yawancin waƙoƙinmu a kan muryoyi biyar suke tafiya, kuma ba dole ba ne su faɗa daidai inda maɓallan fiyano suke. Goge ba shi da matakala, yana zamewa daga murya zuwa murya kamar yadda magana ke yi, kuma a cikin wannan zamiya daɗinsa yake. Kunnen da ya fara da fiyano zai ji goge ya ce bai saitu ba, alhali kunnen ne aka ƙuntata. Haka na'urar gyaran murya ta situdiyo ke jan muryar mawaƙi ta kai ta gidan da injin ya sani, shi ya sa waƙoƙi da yawa na yau ke kama da juna kamar an tsaga kara. Yaron da ya fara da kalangu da goge zai koyi fiyano daga baya ba wuya, ya kuma san abin da zai karɓa da abin da zai ƙi. Wanda ya fara ta ɗaya gefen da ƙyar yake dawowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu cewa kiɗa gado ne, ba a koyar da shi a aji, suna da gaskiyarsu, domin gidajen makaɗa su ne makarantun da suka riƙe wannan ilimi ɗaruruwan shekaru. Amma gado yana tafiya ne muddin ɗa ya yarda ya gaji ubansa, yau kuwa ɗan makaɗi yana Libiya ko Aljeriya neman kuɗi, ko yana kabu-kabu a Damagaram. Alhaji Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, kuma babu wanda ya kai kalangu inda ya kai shi. Misali mafi kusa yana gabas da Tanut. Malam Maman Barka ɗan Tesker ne, Batube, malamin makaranta kuma gwanin gurmi. Biram kuwa kayan kiɗan Buduma ne na tafkin Cadi, mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa, kuma ya kusa ɓacewa don saura tsoho ɗaya, Bukar Tar, da ya iya shi sosai. A 2002, da tallafin UNESCO, Barka ya je ya durƙusa gabansa ya koya, ya zaga duniya da biram har rasuwarsa a 2018. Da an tsaya jiran magaji na jini, da biram ya bi mai shi kabari. Imzad ma an sa shi cikin kundin gadon duniya na UNESCO a 2013, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, a daidai lokacin da matan da suka iya shi ke ƙaranci.

Akwai kuma maganar addini, wadda ba a tsallake ta a ƙasar Musulmi. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, kuma wanda ya zaɓi ya nisanta ba a ce masa don me. Ba a kira a tilasta wa ɗan kowa. Sai dai a lura, kiɗa bai bar Damargu ba, yana cikin kowace wayar salula dare da rana, kuma mafi yawan abin da iyaye ke kuka da shi na batsa daga can yake fitowa. Abin da ke barin ƙasar shi ne gangar noma da ke ƙarfafa gayya, da gangar da ke tada mutane sahur, da sarewar makiyayi, da kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida. Ƙin koyar da waɗannan ba zai rage kiɗa ba ko kaɗan, zai dai bar fili ga wanda ba mu da iko a kansa.

Hujja mafi nauyi ita ce ta ciki. Ƙasar da damina ke yi wa gardama, inda magidanci ke lissafin damin gero ko zai kai shi bazara, wa zai ce mata ta kashe kuɗi a kan goge? Ga kuma kallon da ake yi wa makaɗi na maroƙi, wanda ake jin daɗinsa a fili amma a hana shi aure a gida. Amsar ita ce, waɗannan kaya su ne mafi araha a duniya: ƙwarya daga gona, fata daga mahauta, izga daga wutsiyar doki, turmi daga tsakar gida. Fiyano da jita ne ke cin kuɗin waje. Raini kuwa yana da alaƙa da yadda makaɗi ke samun abincinsa. Muddin hanyarsa ɗaya ce, wato ya yabi mai kuɗi a yi masa liƙi, sunan maroƙi ba zai bar shi ba. Ranar da aka biya shi ladan koyarwa, yara suka zauna gabansa suna ce masa malam, matsayinsa ya sauya. Kasuwar waje ma abin gida take saye. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, da Bombino na Agadas, sun cika dandali a Turai da Amurka ne don sun ɗora tafiyar tende da salon Abzin a kan jita. Da kwaikwayon Turawa suka je da shi, da ba wanda ya saurare su.

Nijar tana da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai tun 1989, har da ɗakin ajiye kayan kiɗan gargajiya, amma tsakaninta da Tanut ya haura kilomita 1,000. Ba sai an jira ta ba. Belbeji ta samu matsayin gunduma a 2011, kuma kowace ƙaramar hukuma a Damargu tana da ɗan kasafinta. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfinsu ba: bayan kaka, lokacin da aikin gona ya lafa, a ware wuri a gidan matasa ko a harabar makaranta, a ɗauki makaɗa biyu ko uku na yankin, har da mata masu tende da ƙwarya, a yanka musu lada. Su koyar da sassaƙa da ɗaurin fata kafin bugu, domin wanda ya ɗaura fata da hannunsa ya riga ya fahimci dalilin hawan murya. Malamin makaranta ya zauna gefe ya rubuta sunan kowane sashe da kowane take da Hausa da Tamashek da Fulatanci da Barbarci, a ɗauki sautin da waya, gidajen rediyon karkara su watsa. Malamin lissafi ma ya samu abin koyar da rabi da sulusi da tsarkiya ɗaya da ma'auni. A zamanin ƙungiyoyin matasa na samariya an yi gasa tsakanin garuruwa da abin da bai kai wannan ba. Daga nan, yaron da ya tambayi mece ce do-re-mi sai a miƙa masa goge, a sa ya taɓa tsakiyar tsarkiya ya saurara, a ce masa abin da ya ji shi ne Turawa ke kira do ta sama, kuma kakansa ya san wurin tun kafin a ba shi wannan suna.