Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Ilmin Yaran Bakin Iyaka

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Jibiya, ko ta Illela, ko ta Maigatari, ya san cewa iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Jumhuriyar Nijar ba ta hana ciniki ba, ba ta hana auratayya ba, ba ta kuma yanke zumunta ba. Mutumin Maraɗi yakan kawo dabbobi ya koma da kayan masarufi, na Daura kuwa yakan tafi jana'iza Damagaram ya komo gida ya kwana. Amma akwai wuri guda inda layin nan da Turawa suka shata ya zama katanga ta gaske, wato makaranta.

Ina da ɗan kawu wanda muka shiga firamare rana ɗaya. Muna aji huɗu sai fatauci ya mayar da mahaifinsa wani gari a jihar Maraɗi, ya tafi da iyalinsa. Da aka kai yaron makaranta a can, sai aka ce ba ya jin Faransanci, kuma ba su san yadda za su auna takardar da ya zo da ita ba, saboda haka sai dai ya koma aji ɗaya. Ya zauna shekara guda cikin ƙannen bayansa, kunya ta ishe shi, ya daina zuwa. Yau ga ni a jami'a, shi kuwa yana dako a tasha, alhali Allah ya sani ya fi ni kaifin basira a lissafi. Malaman da suka mayar da shi baya ba mugaye ba ne. Gwamnatocin ƙasashen biyu ne ba su taɓa ba su wani ma'auni da za su bi ba.

Irinsa suna da yawa a tsawon iyakar nan mai kimanin kilomita 1,500. Akwai 'ya'yan makiyaya, waɗanda rani ke gangaro da su kudu, damina ta mayar da su arewa. Akwai 'ya'yan 'yan gudun hijira, waɗanda rikicin Boko Haram ya kora daga Barno da Yobe zuwa jihar Diffa, da waɗanda 'yan bindiga suka kora daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Akwai kuma almajirai da ke ƙetarowa neman karatun allo a Kano da Zariya. A shekarar 2015 ƙasashen duniya, har da namu biyu, suka amince a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa kafin 2030 kowane yaro zai sami ilmi mai inganci ba tare da an ware kowa ba. To, amma kowace ma'aikatar ilmi yaran da ke cikin rajistarta take ƙirgawa. Yaron da ya kwana a Nijeriya ya wuni a Nijar ba ya cikin lissafin kowa. Ra'ayina shi ne, muddin gwamnatocin nan ba su haɗa hannu ba, alkawarin 2030 ba zai taɓa isa ga waɗannan yara ba, ko da kowace ƙasa ta gina azuzuwa dubu.

Kada wani ya ce haɗin kan gwamnatoci a kan ilmi mafarki ne, domin yawancinmu da takardarsa muka shigo jami'ar nan. Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAEC, an kafa ta a 1952 domin Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, Laberiya kuma ta shiga a 1974. Turawan Ingila sun bar wa yankin nan hukumomin tarayya da dama, kamar ta kuɗi da ta jiragen sama, amma da guguwar mulkin kai ta taso sai suka watse, kowace ƙasa ta kafa nata. Hukumar jarrabawa kuwa ta tsira. Ta ga juye-juyen mulki a Ikko da Akara, ta ga yaƙin basasar Nijeriya. Gana ta kori baƙi a 1969, Nijeriya ta rama a 1983, duk da haka yaran ƙasashen biyu suka ci gaba da zama jarrabawar hukuma ɗaya. Ban ce ba ta da aibi ba, kowa ya ji labarin fitar takardun jarrabawa ta 1977, da waɗanda suka biyo baya. Amma ta rayu, kuma dalili a fili yake: kowace ƙasa ta kafa ta da dokarta, aikinta guda ne sananne, ƙwararru ke gudanar da ita, kuma iyaye suna bukatar takardar da take bayarwa.

A Afirka ta Gabas an gwada irin wannan bai ɗore ba. Kenya da Uganda da Tanzaniya sun kafa hukumar jarrabawa ta tarayya a 1967, Tanzaniya ta janye a 1971, ƙungiyar ƙasashen yankin ta rushe a 1977 saboda saɓanin shugabanni, daga bisani Kenya ta kafa tata hukumar a 1980. Darasin da ke ciki shi ne, haɗin kan da aka rataya a wuyan shirin shugabanni, ranar da suka ɓata ranar zai faɗi.

Sai dai ita ma WAEC sawun mulkin mallaka ta bi. Ƙasashe renon Ingila ta haɗa, kamar yadda renon Faransa suka kafa tasu majalisar ilmi mai zurfi, wato CAMES, a birnin Yamai a 1968. Sakamakon haka, yaron Banjul zai kawo takardarsa Kano a gane ta nan take, amma na Maraɗi, wanda tsakaninsa da Kano bai kai kilomita 300 ba, wanda kuma Hausa ɗaya suke ji da magatakarda, sai ya nemi mai fassara da mai tantancewa. Gaskiya ne ƙungiyar ECOWAS ta zartar da yarjejeniya a 2003 a kan amincewa da takardun shaidar karatu na juna, amma ɗan kawuna bai ga amfaninta ba, domin ba ta sauko ajin firamare ba. Abin takaici ma shi ne, tun 1998 ƙungiyar ta tsara takardar ƙetare iyaka domin dabbobin kiwo, wadda ke nuna yawan garke da allurar da aka yi masa da hanyar da zai bi. Ke nan an yi wa saniya takarda, yaron da ke korar ta kuwa ba a yi masa ba.

Yanzu kuma al'amarin ya ƙara dagulewa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, an rufe iyaka, an yanke wutar lantarki, har sai a farkon 2024 aka janye takunkumin. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. A cikin shekarar 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Nijeriya kuwa a watan Nuwamba ta soke manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ta koma ga Ingilishi. Maƙwabta biyu masu yara iri ɗaya, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma. Ba nufina ba ne in yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya a rikicin siyasa. Abin da na sani shi ne, yaron da ya kai shekara shida bana ba zai tsaya yana jiran a sasanta ba, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, ta ina za a ɓullo? Akwai ƙofar da ba ta bi ta ECOWAS ba, wato Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 zamanin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani, mai ofishi a Yamai. A ƙarƙashinta ya kamata a kafa sashen ilmi na dindindin, da dokarsa da kuɗinsa, a hannun malamai, a ba shi ayyuka huɗu.

Na farko, katin makaranta na tarayya, cikin Hausa da Ingilishi da Faransanci, mai nuna ajin da yaro ya kai da abin da ya iya na karatu da lissafi, wanda tilas kowane hedimasta a ɓangarorin biyu ya karɓa. Nijeriya tana da Hukumar Ilmin Makiyaya tun 1989, mai hedkwata a Kaduna, ita ta fi dacewa ta fara gwada katin a burtalolin da shanu ke bi.

Na biyu, littattafan koyon karatu na Hausa iri ɗaya domin azuzuwan farko. Wannan ba sabon aiki ba ne. Masana sun zauna a Bamako a 1966, suka sake zama a Yamai a 1980, domin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, kuma bambancin da ya rage kaɗan ne, kamar inda muke rubuta 'ya'ya su kuwa su rubuta ƴaƴa. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, mu kuma muna da tarin littattafan da aka buga a Zariya. Ko da Ingilishi ne harshen koyarwa a nan, ba a hana koyar da Hausa a matsayin darasi ba, kuma yaron da ya iya karanta harshensa, duk inda ya faɗa ba zai fara daga baƙi da wasali ba. Idan an yi nasara, sai a bi da Fulatanci da Barbarci.

Na uku, jadawali guda a bayyane wanda ke nuna daidai da me kowace takarda take, daga ta gama firamare har zuwa bakaloreya da takardar gama sakandare, domin a hutar da ɗalibi yawon ofis-ofis.

Na huɗu, musayar malamai. Makarantunmu suna ƙarancin masu koyar da Faransanci, nasu suna bukatar masu koyar da Ingilishi, ga kwalejojin horon malamai a Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, tafiyar 'yan sa'o'i tsakaninsu.

Na san za a ce mini, Nijeriya da ke da yara fiye da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, bisa ƙiyasin UNICEF, ina ta ga ƙarfin ɗaukar nauyin na maƙwabta? Amsata ita ce, da yawa daga yaran da ke sansanonin Diffa da Maraɗi namu ne, Nijar ce ta ɗauki nauyinsu. Bugu da ƙari, abubuwan da na lissafa ba gine-gine ba ne, yawancinsu takarda ce da sa hannu. Gwamnatin da ta ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021 ba za ta ce kuɗin buga kati ya gagare ta ba. Za a kuma ce batun tsaro ya fi gaggawa. Haka ne, amma a ina masu ɗauke da makamai suke samun sababbin yara, in ba cikin waɗanda makaranta ta mayar gida ba? In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku matasan ma'aikata da kuka riga mu shiga ofis, wannan aiki namu ne. Ministoci sukan sa hannu ne a kan abin da ƙaramin jami'i ya rubuta a fayil, saboda haka wanda yake ma'aikatar ilmi ta jihar da ke bakin iyaka, ya tayar da maganar katin nan a rubuce. Mu kuma ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai da Ƙungiyar Hausa su rubuta wa takwarorinsu na jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram, a shirya taro, a fitar da takardar bukatu guda a miƙa wa gwamnatocin biyu. Masu nazarin ilmi da harsuna a cikinmu su mayar da binciken shekararsu ta ƙarshe kan makarantun ƙauyukan iyaka, domin mahukunta su sami alƙaluman da za su yi aiki da su.

Ɗan kawuna dai lokacinsa ya wuce, amma bara ya yi aure, nan da 'yan shekaru zai riƙe hannun ɗansa ya kai shi ƙofar aji. Ina fata kafin wannan rana an tanadar wa yaron takardar da za a karɓa a Katsina a kuma karɓa a Maraɗi. Allah ya sa mu dace.