Kafin Katafila Ta Iso Unguwa

Tun da Gusau ta zama hedkwatar Jihar Zamfara a 1996 take cika tana batsewa. A shekarun baya-bayan nan kuma, matsalar 'yan bindiga ta koro dubban mutane daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu da kewayen Kwatarkwashi zuwa cikin birni. Wasu sun raɓe a kangaye, wasu iyali guda a ɗaki ɗaya, babu famfo, babu magudanar ruwa. A 2023 gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin sabunta Gusau, aka fara da tituna. Abin a yaba ne. To amma duk birnin da ake gyarawa, wata rana titi zai ci karo da unguwar talakawa.

Idan dai ba a manta ba, a watan Yuli na 1990 gwamnan soja na Legas, Raji Rasaki, ya ba mazauna unguwar Maroko wa'adin kwana 7, sannan katafila ta shiga. Kimanin mutum 300,000 suka rasa matsuguni da tsakar damina. 'Yan kaɗan ne suka sami gidaje a Ilasan da Ikota, sauran suka watsu suka kafa wasu unguwannin cunkoso. Filin kuwa, yau manyan gidajen masu hali ne a kansa.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, kuma idan an karɓe fili, ginin da ke kai ake biya wa diyya. Ke nan mai gida zai iya samun wani abu. Ɗan haya fa? Wanda ya gudo daga ƙauye ba shi da ko takarda fa? Su ne suka fi yawa, su ne kuma ba a lissafawa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu jira sai an shafa jan fenti a bango. Masu unguwanni da shugabannin ikilisiyoyi da limamai su haɗa kai su rubuta sunan kowane magidanci, har da 'yan haya. Gwamnati kuma ta gina wurin da za a koma, kusa da kasuwa da makaranta, kafin ta taɓa ko katanga ɗaya. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.