Ba Kowane Ciwon Baya Ake Kai wa Maɗori Ba

A kakar bana na kai ziyara Aujara, a Ƙaramar Hukumar Jahun, na tarar da ɗan yayana a kwance, ko juyi ba ya iyawa. Buhun riɗi ya sunkuya zai ɗora a amalanke, sai ƙugunsa ya riƙe. Kafin mu gama gaisawa har an aika kiran maɗori ya zo ya taka masa baya. Na roƙa aka dakata.

Ban raina maɗora ba, domin sun daɗe suna yi wa karkara hidima. Sai dai targaɗen baya ko na wuya ba karaya ba ne. Tsoka ce, ko jijiyar da ke ɗaure gaɓoɓi, ta miƙe fiye da ƙima ko ta ɗan yage. Babu ƙashin da za a mayar. Kuma ta cikin ƙashin baya laka ta bi; idan akwai tsagewar da ido bai gani ba, murɗa ɗaya na iya gurgunta mutum har abada.

Yawancin irin wannan targaɗe kan warke cikin 'yan makonni, idan ana gasawa da ruwan ɗumi, ana takawa a hankali. Doguwar kwanciya ƙara sandarar da jiki take yi. Yawan shan maganin kashe raɗaɗi irin su diclofenac kuwa yana iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Amma akwai alamun da ba a jira: ƙafa ko hannu su mutu, fitsari ko bahaya su ƙwace, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur. Haka kuma wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi, domin yana iya zama sanƙarau. Nan sai asibiti: na Jahun, ko Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020. Ga manomi kuwa, bayansa ne jarinsa. In za a ɗaga buhu, a durƙusa, a jawo shi jikin ƙirji, a miƙe da ƙarfin cinya, ko a kira mataimaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron ya koma gona bayan mako uku, ba tare da an taka shi ba. Allah Ya ƙara mana lafiya.