Salon Haruffa Ba Kwalliya Ba Ne

A yawancin maɗaba'unmu, zaɓen salon haruffa kwalliya ce kawai, aikin da ake bar wa yaron da ke kan kwamfuta. Hujjarsu ita ce, wai mai karatu zai gane abin da ake nufi ko da wane irin harafi aka buga masa. Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma yara masu koyon karatu ne ke ɗanɗana kuɗarsu.

Hausar boko tana da ɓ da ɗ da ƙ, a Nijar har da ƴ, kuma ƙugiyar nan ce ke raba ƙafa da kafa, baƙi da baki. Salon haruffa da yawa don harsunan Turai aka zana su, ba su da waɗannan haruffa. Da an rubuta Hausa da irinsu, sai kwamfuta ta aro ƙ daga wani salon dabam, ka ga harafi ɗaya a tsakiyar kalma ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, ko kuma wani ɗan akwati ya fito a gurbinsa. Idan mai ɗab'i ya gaji, sai ya zubar da ƙugiyar baki ɗaya. Wani salon kuma yana da haruffan, amma ƙugiyar siririya ce, da an ƙanƙantar da rubutun a kan takarda mai arha sai tawada ta cinye ta.

Za a ce binciken da aka yi a kan Turanci bai nuna wani babban bambanci tsakanin sanannun salo ba. Haka ne, amma haruffan Turanci babu salon da ya rasa su. Za a ce gwani yana cike giɓi da ma'anar jimla. To, ɗan aji biyu fa, wanda yake haɗa baƙi da wasali? Shi abin da idonsa ya gani yake furtawa. Batun tsada ma ba hujja ba ne, domin salon Andika, wanda ƙungiyar SIL ta zana musamman saboda masu koyon karatu, da Charis da Gentium duk kyauta ne, kuma suna ɗauke da haruffanmu cif. Saboda haka hukumomin ilimi su sa sharaɗi: duk littafin Hausa da ƙugiyarsa ba ta fito sarai ba, kada ya shiga aji.