Zuwa Ga Masu Gadin Netwok: Ku Raba Mini Zanen Nan

Ƙannena da 'ya'yana masu kula da netwok a bankuna da jami'o'i da kamfanonin intanet.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne allon nan da ya zama ado a ofisoshinku: zane guda, da lamba guda a samansa, wai jimillar data. Rauta mai ƙofa takwas, an kwashe duk abin da ke ratsa ƙofofin an zuba a layi ɗaya, oga ya leƙo ya gyaɗa kai ya wuce. Zanen nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Yabo kam kun cancanta. Kuna fama da wutar da ba ta zama, da faibar da masu aikin titi ke tsinkewa, kuma kun iya Zabbix da Grafana fiye da ni nesa ba kusa ba. Allah ya ƙara basira. To, mu koma kan zanen.

Fakitin da ya shigo ta ƙofar waje ya fita ta ƙofar gida, a jimillarku ya zama biyu. In akwai VLAN a kan ƙofar, Linux zai ƙirga shi a ƙofar asali, ya sake ƙirga shi a ta bisanta. Lambar ta kumbura, ku kuma kuna murna. Sannan shiga da fitar ma, daga wane ɓangare? Abin da suwic ya rubuta a shiga, a wajen sabar da ke jone da shi fita ne. Da yawanku ba ku taɓa tambayar daga ina zanenku yake kallo ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Layin ko-ta-kwana shi ne abin tsoro. Dama ba ya ɗaukar kaya, don haka in ya mutu jimilla ko gezau. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ta durƙusa daga Gana har Najeriya. Irin wannan rana ake neman layi na biyu. Wanda bai ware masa zanensa da ƙararrawarsa ba, ranar zai san ko yana da rai.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Tobias Oetiker ya fitar da MRTG a 1995, kuma kowace ƙofa shafinta daban, kore na shiga, shuɗi na fita. Mummuna ne a ido, amma da asuba mukan bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har mu san halin kowane layi, mu san lokacin da yake cika da lokacin da yake barci. Van Jacobson da abokan aikinsa a Berkeley, da gudun wani layi ya faɗo daga kilobit 32 zuwa bit 40 a daƙiƙa a 1986, fakitocin kansu suka zauna suka duba. Daga wannan gida tcpdump ya fito. Yau yaro ya shekara biyar a aiki bai taɓa buɗe shi ba, amma ya san launin da ya fi kyau a allo. Haba!

Shuɗin layin nan kuwa, na fita, kun mai da shi maraya. Na san dalili: abokin ciniki ba ya kira sai bidiyo ya tsaya, sai hankali ya koma kan abin da ke saukowa. Amma mai gadin da ke binciken masu shiga kasuwa, bai damu da buhunan da ake fita da su ba, me yake gadi? Ɓarawon bayanai ta nan yake fitar da kaya. Kyamarorin da Mirai ta kama a 2016 ta nan suka yi ta jifan wasu, masu su ba su sani ba. Kuma in hanyar fita ta cika, amsoshin da TCP ke mayarwa suna makalewa a layi, saukarwa ma ta ja ƙafa. Sai ku je ku sayo ƙarin megabit, alhali wata kwamfuta ce a ofishin akawu take loda fayiloli tun safe.

Ko lambobin ma ku tuhume su. Ma'aunin SNMP mai bit 32 yana cika ya koma sifili cikin daƙiƙa 34 a layin gigabit ɗaya da ya cika, ku kuwa kuna leƙa shi duk minti biyar. Ku koma ifHCInOctets da ifHCOutOctets masu bit 64. Matsakaicin minti biyar kuma yana ɓoye cunkoson daƙiƙa biyu, don haka ku sa adadin fakitin da aka zubar kusa da kowane zane.

In harshena ya yi kaifi ku yi haƙuri, tsufa ne da kishin sana'a. Ku bar wa oga allonsa in yana so. Naku dai ku raba shi, kowace ƙofa da zanenta, shiga daban fita daban, a rubuta a kai ina layin ya nufa da nawa yake iya ɗauka.

Ku gaida mutanen gida. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ma'aikaci