RA'AYINMU: Hayaƙin Taba a Ɗakin Mai Jego

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa kwana a Kwalkwalawa cikin watan Disamba ko Janairu ya san irin sanyin da ke tasowa daga gulbin Rima da tsakar dare. Akan rufe ƙofa da taga, a toshe kafofi da tsumma, a shigo da kaskon garwashi, a kunna maganin sauro mai hayaƙi domin sauron fadama. In kuwa akwai mai jego a ɗakin, to rufewar ta ninka, gama kowa yana tsoron kada sanyi ya kama jariri.

A irin wannan ɗaki ne waɗansu iyayenmu na Zumuntar Mata suka je barka a hunturun da ya wuce. Suka tarar da jaririya 'yar mako uku a cinyar uwarta tana shan nono, uban kuma yana zaune a bakin gado. Da ya ga baƙi sai ya yi maza ya ɓoye sigarin da ke hannunsa a bayansa, amma hayaƙin ya riga ya cika ɗakin. Yarinyar tana tari. Da aka tambaya, uwar ta ce, "Mama, murar hunturu ce." Ba za mu faɗi gidan ba, ba ma kuwa gidan kaɗai ba ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan.

In aka ta da zancen taba da shayarwa, hankalin kowa kan koma kan uwa. A ƙasarmu lissafin ya nuna wani wuri dabam. Binciken da aka yi kan shan taba tsakanin manya a Nijeriya a shekarar 2012 ya gano cewa wajen maza 7 cikin 100 ne ke busa taba, mata kuwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Wato jaririn da ke shaƙar hayaƙi a gidajenmu, galibi hayaƙin ubansa ne, ko na ƙanen uba da ke kwana a falo, ko na abokin da ya zo hira. Saboda haka maganar ta maza ce da fari.

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo sankara. Babban mutum yana jan numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Sabon jariri kuwa sau 30 zuwa 60, ga huhunsa bai ƙosa ba, ga hanyoyin iskarsa ƙanana, kuma ba shi da ƙafar da zai tashi ya fita waje. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa yaran da ke girma cikin hayaƙin taba sun fi kamuwa da limoniya, da tari mai daɗewa, da ciwon kunne, da asma. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ban tsoro, wato mutuwar farat ɗaya cikin barci, inda za a kwantar da jariri lafiya ƙalau, gari ya waye ba shi. Hayaƙin taba yana cikin manyan abubuwan da ke ƙara wannan haɗari, musamman in jaririn yana kwana gado ɗaya da mai shan tabar. Buɗe taga ba ya wadatarwa, fifita hayaƙi da hannu kuma ruɗin kai ne. Gubar takan manne a labule, da katifa, da rigar uban da zai ɗauki ɗansa ya rungume a ƙirji.

Yanzu ga iyaye mata. Ko da yake masu busa sigari ba su da yawa a cikinsu, taba ba baƙuwa ba ce a hannun mata. Tsofaffinmu sun san furen taba da ake goge haƙori da shi tare da goro domin ado. Har yau akwai masu shaƙar garin taba ta hanci, ko su sa shi a leɓe gauraye da kanwa, waɗansu don ciwon haƙori suka fara, abin ya zame musu jiki. Ga kuma shisha da ta shigo tsakanin matasa, 'yan mata ma har da su, suna cewa ai ƙamshin 'ya'yan itace ne kawai. Duka taba ce. Duka kuma suna ɗauke da nikotin, sinadarin da ke kama mutum har ya kasa bari.

Nikotin yana ratsawa daga jinin uwa zuwa nononta, har ma yakan fi yawa a cikin nonon fiye da a cikin jinin. Yana kai wa ƙololuwa jim kaɗan bayan an sha tabar, sai bayan wajen awa ɗaya da rabi zuwa biyu rabinsa ke raguwa. A shekarar 2007 masu bincike a birnin Filadelfiya na Amurka sun lura da iyaye mata 15 masu shan sigari da jariransu. A ranar da iyayen suka sha taba kafin shayarwa, jariran sun yi barcin wajen minti 53 cikin awannin da suka biyo baya. A ranar da ba su sha ba, wajen minti 84. Uwar da ke kuka da cewa ɗanta ba ya barci, sai rigima, ta duba wannan. Taba kuma tana rage sinadarin jiki da ke sa nono ya kawo. Daga nan sai a fara cewa nono ba ya isar yaro, a soma ɗura masa ruwa da koko tun bai kai wata shida ba, a yaye shi da wuri.

A nan ne muke so a saurare mu da kyau, domin mun ji ana ba da shawarar da za ta iya kashe yaro. Waɗansu kan ce wa uwa mai shan taba ta cire ɗanta daga nono tunda nonon ya gurɓace. Wannan kuskure ne babba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta cire nikotin daga jerin abubuwan da ke hana shayarwa tun a shekarar 2001, domin an ga cewa jaririn mai shan taba da ke shan nono ya fi wanda aka mayar kan madarar gwangwani kariya daga ciwon ƙirji. In a can inda ruwan famfo yake da tsabta haka ne, ina ga nan? Wa zai sayi gwangwanin madara kowane mako? Da wane ruwa za a dama ta? Gudawa ta fi nikotin saurin ɗauke jariri. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan daram ga kowace uwa: nono zalla har wata shida, a ci gaba da bayarwa tare da abinci har shekara biyu. Tabar ce za a bari, nono ya ci gaba.

Ga dattawan ikkilisiya muna da magana, cikin ladabi. Mun saba ɗaukar shan taba a kan laifin da ake horo a kansa, shi ya sa mai sha yakan ɓoye. To ina zai ɓoye? Ba zai tsaya a ƙofar gida ba inda wani ɗan'uwa zai wuce ya gan shi. Cikin ɗaki zai shiga ya rufe ƙofa, inda jaririn yake. Kunyar da muka ɗora masa ita ce ta kora hayaƙin zuwa huhun ɗansa. Haka kuma matar da ke sa garin taba ba za ta faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ba, balle matar fasto. Ba muna cewa a ƙyale ba ne. Muna cewa dattijo ya sami mutumin shi kaɗai, ya ce masa, "Ɗana, mun sani, ba kuwa don mu kai ka gaban majalisa muka zo ba. Yarinyar nan muke ji." Wanda aka yi wa magana haka ya fi saurin fita da sigarinsa waje, daga nan kuma a fara zancen bari.

Doka ma tana nan, ko da yake ba ta shiga ɗakin kwana. Dokar hana yaɗuwar taba ta ƙasa ta shekarar 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta haramta aiken yaro sayo taba, ta kuma ce sai dai a sayar da kwali mai kara 20, ban da tsinke ɗai-ɗai. Kowa ya san yadda ake yi a gaban masu tebur daga gada har bakin jami'a. Amma aƙalla mu, kada mu ƙara ba ɗanmu kuɗi mu ce ya sayo mana kara biyu.

Wanda bai iya bari yau ba, ya fita can nesa da ɗaki, ya wanke hannu da baki, ya sauya riga kafin ya ɗauki jariri, kada kuma ya kwana gado ɗaya da shi. Uwar da take sha, ta fara shayar da ɗanta tukuna, sannan ta bar tazarar awa biyu kafin shayarwa ta gaba, ta riƙa ragewa, ta kuma faɗa wa likita gaskiya domin akwai taimakon da ake bayarwa. Kaskon garwashi ma a fitar da shi kafin a kwanta.

Iyayenmu masu zuwa barka, ku riƙa ƙirga numfashin jariri minti ɗaya cur yana kwance. In bai kai wata biyu ba kuma ya kai 60, ko yana tsakanin wata 2 da 12 kuma ya kai 50, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, kada a jira gari ya waye. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a kuma gaya wa likita cewa akwai mai shan taba a gidan.