A tura ɗalibai wajen tsofaffi da wayoyinsu

Tambayi ɗan sakandare a Garuwa shekarar juyin juya halin Faransa, zai ce maka 1789 ba gargada. Tambaye shi abin da ya faru a garinsu a watan Yunin 1915, lokacin da sojojin Jamus suka miƙa wuya ga Ingilishi da Faransawa a bakin kogin Binuwai, sai ya hau sosa ƙeya. Ba mu ga laifinsa ba. Abin da zai fito a jarrabawa shi yake haddacewa.

Amma yaron nan yana da waya, ko tasa ko ta yayansa. A ganinmu, malamin tarihi ya kamata ya fi kowa murna da ita.

Marigayi Eldridge Mohammadou, haifaffen Garuwa, ya yi shekaru yana bin fadoji, daga Marwa zuwa Rai Buba, yana naɗar bakin dattawa kan yadda tutar da Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu ta kafa lamidoji a Fombina. Littafinsa kan Garuwa ya fito a 1980, shi kuma ya rasu a Maiduguri a 2004. Aikin da ya sha wahala a kansa, yau 'yar aji uku za ta iya fara shi a zauren kakanta. Naɗar murya ba ta cin data, ba ta jiran sabis. Caji kawai take so, idan wutar madatsar Lagdo ta ga dama.

Wayar tana da nata sharrin. Kullum sai an turo hoton wani mai rawani a WhatsApp an ce Rabe ne, ko Lamiɗo Zubairu, kowa na turawa gaba. Kada malami ya tsaya tsaki. Ya kawo hoton cikin aji, ya tambaya: wa ya ɗauka, yaushe, a ina? Rabe dai a Kuseri aka kashe shi a 1900. Daga nan a fara bincike.

Muna kira ga Jami'ar Garuwa, wadda aka kafa a 2022, ta buɗe ma'ajiyar waɗannan muryoyi, da Fulatanci da Hausa da harshen Fali, tare da hotunan takardun ajami da ke cikin gafakar malamai. Kuma a hanzarta. Mutanen da suka ga jiragen ruwa na lodin gyaɗa da auduga a tashar Garuwa da damina, suka ga ranar da Ahidjo ya karɓo wa Kamaru mulkin kai a 1960, yawancinsu sun haura saba'in.